Wincin Jirgin Yashi

Kusan kullum sai ɗayanku ya tsaya a bakin rumfata a nan Ƙofar Kaura, waya a hannu, ya ce mini ya kalli gyaran winci a bidiyo, wai ashe ba wani abu ba ne, noti ne kawai ake ɗaurewa. Na daina musu da ku. Bayana ma ciwo yake yi, ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Amma tunda kun cika mini benci kuma babu aiki a gabana, bari in ba ku labarin winci guda ɗaya, na jirgin ruwa. Ku yi dariyarku. Ni ma ranar da aka fara ce mini jirgin ruwa a ƙasar Katsina sai da na dara.

Ga wanda bai sani ba, winci shi ne ƙarfen nan mai naɗe waya ko sarƙa, wanda kuke gani a bayan motar janwe da kan motar haƙa burtsatse. Aikin farko da maigidana Malam Lawal ya sa ni, Allah ya jiƙansa, wankin wincin wata janwe ne da ta daɗe a yashe cikin rana. Ya kwance shi, ya shimfiɗa buhu, ya ce in wanke kowane ƙarfe da kananzir in jera shi yadda ya fito, na dama a dama, na hagu a hagu. Na wuni ina yi har hannuna ya yi fari ya tsattsage. Da ya dawo daga sallar la'asar ya duba, sai ya kama bakin buhun ya zazzage komai a ƙasa, ya ce in sake jerawa da kaina. Na daɗe ina jin haushin wannan zazzagewa. Sai da na fara fita aiki daji, inda babu buhu babu benci, sannan na gane amfaninta.

A wurinsa na koyi cewa in an ce winci yana zamewa, ba a faɗi komai ba tukuna, don zamewa iri-iri ce. Akwai ta sarƙa, wadda za ka ji tana tsalle a kan tayarta tana ƙaras-ƙaras, saboda gaɓoɓinta ba su zauna a gurbinsu ba. Akwai ta birki, wadda kaya zai riƙa sulalewa a hankali alhali an tsayar da inji. Sai ta kuloci, ita ce marar hayaniya: inji na juyawa, sarƙa na tsaye, sai zafi da ƙauri. Malam Lawal ba ya barin ka taɓa sifana sai ka saurara, ka shinshina, sannan ka ja layi da alli daga ƙarfen tsakiya zuwa taya, a tada inji ka ga inda layin zai rabu. Kayan aikina har yau ba su wuce nasa ba: sifanu, ƙaramar guduma, magagari, sanfefa, da guntun alli a aljihun gaba.

Kulocin nan ku riƙe shi da kyau, don a kansa labarin yake. Faranti biyu ne na ƙarfe, da fata a tsakaninsu irin ta birkin mota, da wani ɗan sitiyari a gefe. In ka murɗa sitiyarin ya matse su, inji zai ja sarƙa. In ka sassauta, sarƙa za ta saki ta tafi abinta. Kuma ko a matse yake, in nauyi ya fi ƙarfinsa zai zame da kansa kafin wani abu ya karye. Da gangan aka ƙera shi haka.

Masu kawo aiki kuwa ba sa son jin wannan bayani. Direban janwe ba ya zuwa sai da mataccen ƙarfe rataye a bayansa, mai motar yana biye da shi yana haki. Mai burtsatse ba ya kiranka sai bututunsa ya maƙale a ƙasa, mutanen gari sun kewaye shi da jarkoki. Kuma kowannensu sai ya gama dukan abin da guduma, ya sa bututu a sifana ya ɗaure notin har ya lashe, sannan ya tuna akwai Malam Bishir. In ka ce gyaran zai kai gobe, sai a kalle ka kamar kai ka ɓata.

Shekarar da hanyoyi suka lalace da tsoro, sana'ar nan ta kusa mutuwa a hannuna. Janwe ta daina fita nesa da gari, masu burtsatse suka ajiye motocinsu suka lulluɓe da tamfol. Na koma gyaran injin markaɗe da baro, ni da na saba da ƙarfen da ke ɗaga tirela. A cikin damanar wannan shekara ce Alhaji Sada mai tifofi ya tsaya a ƙofar rumfata. Muka gaisa, ya tambayi iyali na tambayi nasa, muka yi ya ruwa ya kasuwa, sannan ya ce:

"Malam Bishir, jirgi gare ni, kuma ya ƙi."

"Jirgin mi, Alhaji?"

"Na ruwa mana. Ka taho ka duba mani shi, an ce aikinka ne."

Abin da ya faru shi ne, tifofinsa sun daina samun shiga rafukan daji ɗibar yashi, sai ya sayo tsohon jirgi daga kudu, aka ɗauko shi a kan tirela aka saka a wani dam da ke bayan gari. Jirgin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe kamar babban faranti, da injin tsotsar yashi a tsakiya. A gabansa akwai winci mai ɗaga anga, wato ƙugiyar ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi wuri ɗaya. In sun cika jirgi da yashi sai su jawo angar su dawo gaɓa, inda tifofi ke jira. To, ita ce ta daina fitowa. Sai maza sun taru sun ja sarƙar da hannu.

Ma'aikatansa su biyar ne, duk manoma daga ƙauyukan wajen Batagarawa, kuma babu ɗaya cikinsu da ya iya ruwa. Ni ma ban iya ba. Shugabansu Malam Dahiru, dattijo ne dogo mai sanyin magana, wanda ya yi rayuwarsa yana dakon taki da amalanken shanu. Shi ke tsayawa a kan wincin. Ƙanensa Iro, magidanci shi ma, shi ke kula da inji a baya.

Tun kafin in ja layin alli na san inda matsalar take, amma na ja, don hannu ya saba. Aka tada inji, layin ya rabu daidai kan kuloci. Wincin kuwa ƙyalli yake yi baƙi wuluk tun daga sama har ƙasa, mai na ɗiga. Na dubi Malam Dahiru, sai ya yi murmushi irin na wanda yake jiran yabo.

"Kullum da sahe sai na ba shi baƙin mai, Malam. Ko amalankena ban yi mashi haka ba. Na ga ruwa na sa shi tsatsa, shina ta kuka."

Wallahi ban iya yi masa faɗa ba. Mu nan haka muka taso: abin da duk ya yi ƙara, keke ne ko ƙyaure ko amalanke, a ɗura masa baƙin mai. A tudu hakan daidai ne. Amma fatar kuloci so take ta zauna a bushe. Na kwance na nuna masa: fatar ta sha mai ta yi laushi kamar ƙosai, yashi ya shiga ya cinye rabinta. Na wanke farantan da fetur, na goge da sanfefa, na nuna masa ramukan da ake sa giris da wurin da ko ɗigo ba a so. Ya saurara sosai, yana gyaɗa kai, har ya kira Iro ya ce shi ma ya gani. Sannan na kama hannunsa na ɗora a kan ɗan sitiyarin.

"In wata rana anga ta maƙale a ƙasa, ka ga gaban jirgi na dukawa, kada ka tsaya neman kowa. Wanga za ka murɗa hagu, sarƙa ta tahi. Gara a rasa ƙarhe."

Ya murɗa ya mayar, ya murɗa ya mayar, har hannunsa ya haddace. Ya ce, "Na riƙe, Malam. Allah ya saka."

Na gaya wa Alhaji cewa wankin da na yi ba zai riƙe ba, sai an sa sabuwar fata, kuma irin wannan girman babu a kasuwa. Sai na nemo ta birkin babbar mota na yanka, na huda, na dasa ta da ƙusar tagulla. Na ce su yi haƙuri su ci gaba da ja da hannu kafin in dawo. Neman ya ɗauke ni fiye da yadda na zata. Na zaga masu kayan gyara na garin nan kaf, daga ƙarshe sai a wata matacciyar tirela na samu. Ni kaɗai nake aikin a rumfa, ido kuma ya fara raguwa, huda ɗaya sai in auna sau da yawa.

Ranar da na koma da fatar a jaka, bayan azahar ne. Tifofi sun yi layi har kan hanya, direbobi sun cika gindin wata bishiya wurin mai shayi. Jirgin yana gaɓa ana gama sauke yashi. Malam Dahiru ya hango ni ya taho da fara'a.

"Malam, ai wahalarka ta ƙare. Wincin ya bar gardama."

Na hau na duba. An kawo mai walda daga kasuwar ƙauye, ya bi bakin farantan nan biyu ya ɗinke su, ya haɗa har da gindin sitiyarin. Walda ce mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya hannunsa. Sun koma sakin anga da giyar inji, su sa ta a firi, wato su fitar da giyar, su riƙe da birki. Giya kuwa in nauyi ya hau kanta ba ta fita, ko ƙato ne ya ja ta.

Na sauko na sami Alhaji Sada yana fama da direbobi. Na ja shi gefe na ce a tsayar da jirgin in yanke waldar nan yanzu.

"Haba Malam Bishir, abin da ya gyaru za ka ɓata? Tunda anka yi ta bai zame ba ko sau ɗaya."

"Shi ne abin tsoron, Alhaji. In anga ta maƙale, babu abin da za ya saki. Jirgin za ya ja kanshi ƙasa. Kuma mutanen ga ba su iya ruwa ba."

Alhaji ba mugu ba ne, ku ji wannan. Ya dubi jirgin, ya dubi layin tifofi, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Masu gini sun dame shi da waya, direbobi sun wuni babu lodi.

"To na ji. Bari su yi sawun ga guda, in sun dawo jirgi naka ne har gobe."

Na sake magana, ya sake ba ni haƙuri. Na juya wurin Malam Dahiru na ce masa sitiyarin nan fa yanzu ba ya aiki, in wani abu ya faru a kashe inji kawai. Ya ce in sha Allahu babu komai, wurin da za su ai ya san shi, gonar mahaifinsu ce kafin ruwa ya ci ta. Suka tura jirgi. Ni kuma na zauna a kan dutse da jakata a cinya, na gaji da magana.

Ba su yi nisa sosai ba, ana ganin mutum, ana jin ƙarar inji. Suka cika jirgin fam, har bakinsa ya kusa daidai da ruwa, don sun san sawun ƙarshe ne. Iska ta fara tasowa, ruwan dam ya yi duhu yana tuttuɗowa. Na ga Malam Dahiru ya ɗaga hannu, Iro ya sa giya, sarƙa ta fara shigowa. Can sai muryar injin ta canza, ta yi nauyi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan murya. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Gaban jirgin ya duƙa. Ina ihu a kashe inji, iska na mayar mini da muryata. Iro ya ja giya ta ƙi, ya kashe injin, amma tsohon injin gas ba ya tsayawa nan take, sai da ya ƙara juyawa ya ƙara ɗaure sarƙar. Ko da ya mutu, gaban jirgi na ɗaure a ƙasa, igiyar ruwa na hawa tana zuba cikin yashi. Sauran suka gudu baya inda ya ɗaga sama. Malam Dahiru kuwa gaba ya yi. Na gan shi da idona, ruwa iya gwiwa, ya kama ɗan sitiyarin nan da hannu biyu yana murɗawa hagu, ya dafa ƙafa a jikin winci yana ja da dukan jikinsa. A cikin firgici abin da hannu ya koya shi yake yi.

Jirgi mai yashi ba ya jinkiri. Ya karkata gefe ɗaya, ya nutse kamar an ja shi da igiya. Allah ya sa akwai masunta a kusa suna gudun hadari, suka juyo da kwalekwalensu suka tsamo mutum huɗu, Iro a cikinsu, yana riƙe da jarkar gas. Aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, muna tsaye a gaɓa babu mai neman mafaka. Sai washegari masu ninƙaya suka fito da Malam Dahiru. Suka ce angar ta shige cikin saiwar wata tsohuwar tsamiya da ke ƙasan ruwa. Iro ya ce ya san ta, a gindinta suke cin abinci in sun je noma suna yara.

Na je jana'iza, na je gaisuwa. Babu wanda ya ɗora wa wani laifi, aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne. Amma na dawo gida jikina kamar an yi mini duka, na yi kwanaki ban buɗe rumfa ba. Baƙin cikin mutumin nan har yau bai bar ni ba, don ban taɓa koya wa wani abu ya saurara kamar yadda ya saurara ba.

Da ruwa ya ja baya aka ɗaure jirgin da ganguna ya taso sama, tifofi suka jawo shi tudu. Alhaji Sada ya zo rumfata da kansa. Ya rame. Na ba shi benci ya ƙi zama, gaisuwar ma a taƙaice muka yi.

"Malam Bishir, ka taho ka yi abin da ka ce."

Na ɗauki jakata muka tafi. Iro yana nan, shi ne yanzu a kan winci, don iyalin gida biyu sun dawo wuyansa kuma babu wani aiki. Na share laka na duba. Ɗan sitiyarin nan na ƙarfe, mai kaurin babban yatsa, ya lanƙwashe gefe ɗaya. Hannun mutum ne ya yi masa haka. Waldar kuwa ko tsagewa ba ta yi ba.

Na jona injin yankan ƙarfe na bi ɗinkin. Mai shayin gindin bishiya bai gama haɗa wa direba ɗaya shayi ba na gama. Miƙe sitiyarin ma ya fi ɗaukar lokaci, sai da na gasa shi a wuta na bi da guduma a hankali. Na goge farantan, na sa fatar, na ɗaure, na sa aka ɗaura sarƙar a jikin tifa aka ja ta har ta yi tauri kamar sanda. Sannan na kira Iro na ce ya murɗa hagu.

Ya gyara tsayuwa, ya kawo hannu biyu zai kama. Na ce a'a, yatsa biyu. Ya sa yatsa biyu ya murɗa, sarƙar ta saki ta zube ƙasa. Ya daɗe yana kallonta a cikin laka.

"Shi ke nan, Malam?"

Na ce, "Shi ke nan."